HATTARA DA ADAFTA: JAWABI GA MASU MOTOCI MASU AIKI DA LANTARKI

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin wayar da kan jama'a game da wani sabon al'amari da ya shigo ƙasarmu, watau motoci masu aiki da wutar lantarki, da kuma haɗarin da ke tattare da yi musu caji ta hanyar da ba ta dace ba. Ba masu motocin kaɗai abin ya shafa ba. Ya shafi direban da ake bar wa mota, da maigadin da ke kwana kusa da ita, da mai gidan haya, da maƙwabcin da ɗakinsa ke jingine da garejin, da mai gyaran wuta da akan kira ya yi aikin. Saboda haka muna roƙon duk wanda wannan littafi ya shiga hannunsa ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Yadda Motocin Suka Shigo

A cikin watan Fabrairu na 2021 ne Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, watau NADDC, a ƙarƙashin shugabanta na wancan lokaci, Malam Jelani Aliyu, ta nuna wa jama'a motar Hyundai Kona a nan Abuja. Kamfanin Stallion ne ya harhaɗa ta a Legas, ita ce kuwa mota mai aiki da lantarki ta farko da aka harhaɗa a Nijeriya. A watan Afrilu na wannan shekara Hukumar ta buɗe wurin caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, daga baya ta kafa irinsa a Jami'ar Legas da ta Nsukka. A Maiduguri kuma wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu shan fetur su koma aiki da batir.

Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo, sai hankalin mutane da yawa ya koma kan waɗannan motoci. A cikin 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗauke musu harajin VAT. Yanzu akan gan su a titunan Maitama da Wuse da Gwarimpa, waɗansu sababbi daga ƙasar Sin, waɗansu kuwa 'yan gwanjo ne daga Amurka da ƙasashen Turai.

To, a nan ne matsalar take. Kowace mota takan zo da irin bakin caji na ƙasar da aka yi ta dominta, wuraren caji na jama'a kuwa ba su da yawa tukuna, mafi yawan masu motocin a gida suke yi musu caji. Idan bakin caja bai shiga soket ba, ko kuwa bakin na'urar caji bai shiga mota ba, abin da ya fi sauƙi shi ne a nemo adafta, watau ɗan abin nan da ake sawa a tsakani domin baki ya dace da baki. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne wannan: adafta tana sauya siffar baki ne kawai. Ba ta ƙara wa waya kauri, ba ta rage ƙarfin wuta, ba ta kuma mayar da soket ɗin da aka yi domin fanka ya zama na mota. Kama da wane ba ta wane.

Mota Ba Wayar Hannu Ba Ce

Domin a gane bayanin da zai biyo baya, sai mu kwatanta wutar lantarki da ruwan famfo. Ƙarfin da ke tura ruwa cikin bututu shi ne misalin abin da ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke kwarara shi ne misalin amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, watau yawan aikin da wutar ke yi, wat dubu kuma shi ne kilowat ɗaya.

Wutar da ake ba gidaje a Nijeriya bolt 230 ce. Soket ɗin da muka saba da shi, mai ramuka uku masu kusurwa irin na Ingila, iyakarsa amfiya 13, watau kusan kilowat 3. Cajar wayar hannu ba ta cika jan fiye da kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Cajar mota irin wadda ake sawa a soket kuwa takan ja amfiya 10 ko fiye, watau ninki ɗari na abin da wayar hannu ke ja.

Ba yawan wutar kaɗai ne abin dubawa ba, har da tsawon lokaci. Butar dafa ruwa tana jan wuta da yawa, amma cikin minti biyar ta gama. Dutsen guga yana ja yana hutawa. Mota kuwa ba ta hutawa. Batirin Kona da muka ambata yana ɗaukar wuta ma'auni 64, irin ma'aunin da mitar gida ke ƙirgawa. In za a cika shi daga soket a kan amfiya 10, sai an yi sa'o'i 28 ko fiye ana jan wuta. Ko da rabinsa za a cika, an kwana an hantse ke nan, kuma galibi a lokacin da mutanen gida ke barci.

Inda Zafi Yake Fitowa

Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu domin wuta ta ƙetare, akan sami ɗan cikas, wannan cikas kuwa zafi yake haifarwa. Idan fulogi ya shiga soket kai tsaye, mahaɗa ɗaya ce. Idan aka sa adafta sun zama biyu. Idan aka ƙara da doguwar wayar jona wuta sun zama uku ko huɗu, kowace kuma wurin ɗaukar zafi ce.

Masana sun tabbatar da cewa zafin nan ba daidai da yawan wutar yake ƙaruwa ba, ya fi haka sauri. In an ninka amfiya sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu. In an ninka sau uku, zafi ya ninku sau tara. Ke nan adaftar da ta shekara tana cajin wayar hannu ba ta ko yi ɗumi ba, ranar da aka ɗora mata mota zafin da za ta ɗauka zai iya ninka na da har sau dubu goma. Zafi yana sassauta ƙarfen da ke riƙe ƙafar fulogi, ƙarfen da ya sassauta yana ƙara zafi, haka abin zai yi ta tafiya har roba ta narke ta kama da wuta. Abin tsoron shi ne fiyus ba zai tsinke ba, domin wutar da ke wucewa ba ta zarce ƙa'ida ba, mahaɗar ce kawai ke cin kanta.

Yawancin cajoji masu kyau suna da ɗan abin auna zafi a cikin fulogin, wanda ke rage wuta ko ya yanke ta idan soket ya yi zafi. Da zarar an sa adafta ko wayar jona wuta, an nisanta wannan ma'auni daga soket ɗin bango, sai bango ya yi ta ƙuna caja ba ta sani ba.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa rabo. A watannin Maris da Afrilu zafin Abuja kan kusanci digiri 40, kayan wuta ba sa samun sararin hucewa. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan adafta, ruwan damina kuma ya biyo ya jiƙa ta, tsatsa ta kama. Har wa yau, gidaje da yawa na Garki da Wuse an gina su ne tun shekarun 1980, kafin Gwamnati ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991. Waɗanda suka yi musu wayarin ba su yi lissafin mota ba.

Adaftar Bango

Adafta iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda ake sawa tsakanin caja da soket ɗin bango. Haɗarinta uku ne banda zafin da muka bayyana.

Na farko, bambancin bolt. Soket ɗin gidajen Amurka bolt 120 ne, kusan rabin namu. Waɗansu cajojin da ke zuwa cikin but ɗin motocin Amurka an yi su ne domin bolt 120 kawai. Adafta za ta sa fulogin ya shiga soket ɗinmu lafiya lau, amma wutar da za ta shiga cajar ta ninka abin da aka yi ta dominsa. A duba rubutun da ke jikin caja. In ba a ga 230V ko 240V a ciki ba, kada a kuskura a jona ta.

Na biyu, wayar ƙasa. Ƙafar nan ta uku ta fulogi, wadda ta fi sauran tsawo, aikinta shi ne ta kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa. Adaftoci masu araha da yawa ramin yana nan amma babu ƙarfen da ke haɗa shi da kome. Jikin mota ƙarfe ne, tana kuma tsaye a kan tayoyin roba. Idan wuta ta ɓalle ta hau jikinta, babu wayar ƙasa, to, hanyar da ta rage mata ita ce jikin wanda ya fara taɓa motar, ko da yaro ne da ya fito ba takalmi bayan an ɗauke ruwan sama. Caja mai kyau takan ƙi aiki idan ba ta ji wayar ƙasa ba. Wannan ba lalacewa ba ce, gargaɗi ne. Duk mai gyaran da ya ce zai yi mata dabara ta yi aiki haka nan, a sallame shi.

Na uku, fiyus. Fulogi mai ƙafafu masu kusurwa yana da fiyus a cikinsa. Mai ƙafafu zagayayyu na amfiya 15, irin wanda ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki, ba shi da shi, haka ma adaftoci da dama. Idan aka yi ta haɗa wannan da wancan, sai a wayi gari babu abin da zai tsinke in wuta ta yi yawa, sai ita wayar kanta.

Adaftar Bakin Mota

Iri na biyu ita ce wadda ake sawa tsakanin na'urar caji da bakin motar. Ƙasashen duniya ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. Amurka da Japan sun daɗe da baki mai ƙafa biyar da ake kira J1772. Turai tana da mai ƙafa bakwai da ake kira Mennekes. Ƙasar Sin tana da nata, GB/T, wanda ya yi kama da na Turai a ido amma ba sa shiga juna. Domin caji mai sauri kuma akwai CCS1 na Amurka, da CCS2 na Turai, da CHAdeMO na Japan, da wani GB/T na biyu, sa'an nan ga na kamfanin Tesla, wanda ake kira NACS tun daga 2022. Kusan dukkansu ana samun motocinsu a Nijeriya.

Ba dukan ƙafafun nan ne ke ɗaukar wuta ba. Ƙananan cikinsu na magana ne. Kafin wuta ta fara gudu, na'urar caji tana sanar da mota iyakar amfiyar da za ta iya bayarwa, a waɗansu samfurori kuma wayar ita ma tana sanar da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Adaftar da ba a yi ta bisa ƙa'ida ba tana iya ba da labarin ƙarya, mota ta ja amfiya 32 ta cikin abin da ƙarfinsa bai wuce 16 ba.

A wuraren caji mai sauri al'amarin ya fi tsanani. Can wutar takan kai bolt 400, a waɗansu motoci har 800, amfiya kuwa ɗaruruwa. Irin wutar ma dabam ce. Wutar gida mai kai da komowa ce, takan ɗauke na ɗan ƙiftawa sau ɗari a kowace daƙiƙa, saboda haka tartsatsinta yakan mutu da kansa. Ta caji mai sauri kuwa miƙaƙƙiya ce irin ta batir, in ta yi tartsatsi sai ta ci gaba da ci kamar wutar walda. Shi ya sa ake kulle bakin caja a jikin mota har a gama. Adaftar da makullinta ba shi da ƙarfi tana iya zamewa wuta na gudu, ta ƙona hannu da fuskar wanda ke tsaye a wurin. Bugu da ƙari, na'urorin CCS da motocin GB/T ba harshe ɗaya suke ji ba, sai an sa adafta mai ɗan ƙaramin kwamfuta a ciki ta yi musu tafinta. Idan tafinta ya yi kuskure, batirin mota ne zai ɗauki asarar, shi ne kuwa abin da ya fi kome tsada a jikinta.

Darasi Daga Ƙasashen Waje

Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai. A watan Janairu na 2014 kamfanin Tesla ya sauya wa masu motocinsa kimanin dubu 29 adaftar bango a Amurka, saboda samun labarin tana ɗaukar zafi har ta narke. A watan Oktoba na 2024 kamfanin Ford ya nemi waɗansu masu motocinsa su daina amfani da adaftar caji mai sauri da shi da kansa ya raba musu, har sai ya aiko da wata, domin tana iya lalata bakin cajin motar. To, idan abin da manyan kamfanoni suka gwada suka sa sunansu a kai yakan sami aibi, ina ga wanda ba a san maƙerinsa ba?

Ƙa'idar duniya ta cajin motoci, wadda ake kira IEC 61851, ta hana amfani da wayar ƙari wajen caji, ba ta kuma yarda da adafta ba sai a wuraren da ta iyakance, ita ma sai wadda maƙerin motar ko maƙerin na'urar caji ya amince da ita.

Masu babura da Keke Napep masu batir su ma maganar ta shafe su. A birnin New York na Amurka, a cikin 2023 kaɗai, batura irin na kekuna da babura masu lantarki sun jawo gobara 268, mutum 18 suka rasa rayukansu. Cikin abubuwan da masu kashe gobara ke gargaɗi a kai har da cajin batir da cajar da ba tasa ba. Shigar baki cikin rami ba ita ce shaidar dacewa ba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

1. Kafin ka sayi mota, tambayi irin bakin cajinta, ka kuma bincika ko akwai wurin caji mai irin wannan baki a garinku.

2. Ka sa a jawo wa mota layinta na musamman daga akwatin raba wuta na gida, da waya mai kauri, da abin yanke wuta nata, da na'urar nan mai ɗauke wuta nan take idan ta ɓalle ta bi jikin mutum. Na'urar caji ta bango mai amfiya 32 tana cika batirin Kona cikin sa'o'i 9 zuwa 10.

3. Kada ka ba kowa aikin sai mai gyaran wuta da ke da takardar shaida ta Hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa alhakin duba ingancin aikin lantarki. Ka sa ya auna wayar ƙasa a gabanka.

4. Ka shawarci kamfanin rarraba wuta na yankinku kafin ka kafa babbar na'ura. A Abuja, kamfanin AEDC ne. Zagaye mita laifi ne a doka, kuma irin wannan haɗi yakan zama silar gobara.

5. In fulogin cajarka bai dace da soket ba, a nemi caja mai fulogin ƙasarmu. Kada a sa adaftar tafiye-tafiye, kada a sa wayar jona wuta, balle a jona wata a kan wata ko a bar ta a naɗe.

6. In babu makawa sai da adafta a bakin mota, ka sayi wadda kamfanin motarka ya amince da ita, daga hannun wakilinsa, ka karɓi rasit. Ka duba bolt da amfiyar da aka rubuta a jikinta. Kada ka haɗa adafta biyu. Araha ba ta ado.

7. Ka duba adafta kowane lokaci kafin ka yi amfani da ita. In ta tsage, ko ta faɗi a kan siminti, ko ta yi tsatsa, ko ruwa ya shige ta, ta gama aiki.

8. Ƙaramin janareto ba ya cajin mota. Kada a gwada.

9. Kada a ajiye jarkar fetur ko tukunyar gas ko katifa kusa da wurin caji, kada kuma a yi cajin babur a bakin ƙofar da mutane za su bi su fita.

Alamun Haɗari

Bayan rabin sa'a da fara caji, ka kai bayan hannunka kusa da fulogi. Ɗan ɗumi ba laifi, amma in ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi ba, ka kashe. Haka kuma in ka ji ƙaurin roba, ko ƙara kamar ana suya, ko ka ga bakin soket ya sauya launi, ko abin yanke wuta yana ta faɗuwa. Kada ka mayar sai ma'aikaci ya duba.

In Tsautsayi Ya Auku

A fara da kashe wutar gidan daga babban makunni. Kada a watsa ruwa a kan soket ko waya matuƙar da wuta a jiki, sai dai a yi amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda. In wuta ta ja mutum, kada a taɓa shi da hannu, a kashe wutar ko a ture wayar da busasshen itace. In hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin mota, kowa ya yi nisa, domin hayaƙin batir guba ne. A buga 112, lambar neman agajin gaggawa wadda ba a biyan kuɗi, a kuma gaya wa 'yan kwana-kwana cewa motar mai lantarki ce, saboda batirinta yana iya sake kamawa bayan an zaci wutar ta mutu.

Kira Ga 'Yan Kasuwa Da Sauran Jama'a

Muna kira ga masu shigo da kayan lantarki da su ji tsoron Allah, su kawo abin da ya cika ƙa'idar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON. Dillalan motoci su ba mai saye cajar da ta dace da wutar ƙasarmu, su kuma yi masa bayani. Masu gidajen haya su zauna da 'yan hayarsu a shirya wurin caji na ƙwarai, ya fi a riƙa zuro waya ta taga. Wanda aka sayar wa jabun kaya yana da damar kai kuka ga SON ko ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, watau FCCPC.

Motar lantarki ba abin gudu ba ce. Tana rage kashe kuɗin mai, ba ta hayaƙi, kuma in an bi ƙa'ida cajinta ba shi da wata fargaba. Amma kuɗin jawo layi mai kyau bai kai kuɗin sake gina gida ba, rai kuwa ba a sayensa a kasuwa. Rigakafi ya fi magani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyashe mu, ya taimaki Nijeriya, amin.